Saba biyu na PostgreSQL: yaya ta biyu za ta karɓi ragama da kanta idan ta farko ta faɗi?

Nura

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin rumbun bayanai.

Ga yadda tsarin yake. Saba biyu ne, duka suna gudanar da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 16 a kan Linux. Ɗaya ce jagora, ita ke karɓar rubutu. Ta biyun mabiyiya ce, tana kwafar WAL (kundin da PostgreSQL ke rubuta kowane sauyi a ciki) daga jagora kai tsaye, amma irin kwafin da jagora ba ta tsayawa jiran amsarta. Manhaja tana shigowa ta adireshin IP guda ɗaya mai yawo, wanda Keepalived, manhajar da ke mayar da adireshi daga wata saba zuwa wata, ke riƙe da shi. A halin yanzu in jagora ta faɗi, sai mutum ya shiga da hannu ya kira `pg_promote()` don ɗaga mabiyiya ta zama jagora, ko da tsakar dare ne.

Abin da ake son yi shi ne a rubuta ɗan gajeren shiri a kan saba ta biyu, ya riƙa taɓa ta farko da `pg_isready` duk daƙiƙa 5. In ta ƙi amsawa sau uku a jere, ya ɗaga ta biyu ta zama jagora, ya kuma jawo adireshin gare ta. Wannan ya isa? In bai isa ba, mene ne daidai? Sannan waɗanne abubuwa ya kamata a sa wa ido? Burin shi ne kada tsayuwar aiki ta wuce minti ɗaya, kuma kada a rasa abin da aka riga aka ce wa mai amfani ya shiga.

Injiniya Bashir

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Wannan shirin kada ka rubuta shi. Ranar da jagora ta mutu murus zai yi aiki, amma sauran ranakun shi ne zai jawo ɓarnar.

Saba ta biyu ba ta da hanyar bambance abu uku: jagora ta mutu, ko igiyar da ke tsakaninsu ce ta katse, ko jagora tana nan da rai amma aiki ya danne ta har ta kasa amsawa cikin daƙiƙa 15. A wurinta duk shiru ne. In ta ɗaga kanta alhali ta farko tana karɓar rubutu, ka samu jagora biyu a lokaci ɗaya, kuma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Keepalived ma haka yake, domin VRRP, ƙa'idar da yake bi, da saƙon "ina nan" take aiki. In saƙon ya daina zuwa, kowane ɓangare zai ɗauki adireshin. Wasu rubuce-rubucen su sauka can, wasu nan, lambobin da ake bayarwa a jere su yi karo, kuma PostgreSQL ba shi da wata hanyar haɗe tarihi biyu da suka rabu. Sai dai a zaɓi ɗaya, a bi ɗayan layi-layi da hannu.

Abu biyu ne maganinsa, kuma ɗaya ba ya isa ba tare da ɗayan ba.

Na farko rinjaye. Kada saba ɗaya ta yanke hukunci ita kaɗai. Ana buƙatar masu ƙuri'a uku, hukunci kuma sai da biyu daga ciki. Uku suna jure faɗuwar ɗaya, biyar suna jure faɗuwar biyu. Huɗu kuwa ba su fi uku ba, domin rinjayen huɗu uku ne, ɗaya dai za su iya rasawa. Biyu su ne mafi muni: rinjayensu biyu ne, kowacce ta faɗi komai ya tsaya.

A PostgreSQL abin da aka fi amfani da shi shi ne Patroni, manhajar da ke kula da sauyin jagora, tare da etcd, ƙaramin ma'ajin bayanai da ke yanke hukunci da rinjaye. Consul ko ZooKeeper ma suna yi, amma bari in tsaya kan etcd. Kana girka etcd a na'ura uku, ƙofa ta 2379 ta masu tambaya, 2380 ta maganarsu da juna. Patroni yana zaune a kan kowace sabar PostgreSQL, shi ke kunna ta da kashe ta, don haka ka hana systemd, mai kunna shirye-shirye a Linux, kunna PostgreSQL da kansa, in ba haka ba tsohuwar jagora za ta farfaɗo ta ci gaba da karɓar rubutu kafin kowa ya tambaye ta. Jagoranci wani makulli ne a cikin etcd mai wa'adi. Wadda ke riƙe da shi dole ta riƙa sabunta shi. In wa'adi ya cika ba ta sabunta ba, makullin ya ɓace, mabiya su kwatanta wa ta fi nisa a WAL, ita ta ɗauka. Lambobin da Patroni yake zuwa da su:

```
ttl: 30
loop_wait: 10
retry_timeout: 10
maximum_lag_on_failover: 1048576
```

Wato wa'adin makulli daƙiƙa 30, ana sabuntawa duk daƙiƙa 10. Ƙa'idar ita ce `loop_wait` sau ɗaya da `retry_timeout` sau biyu, in an haɗa su, kada su wuce `ttl`. Da waɗannan, in wuta ta ɗauke wa jagora, za ka ga sabuwa ta tsaya cikin daƙiƙa 30 zuwa 45, wanda ya shiga cikin mintin da kake so. Mutane suna son rage `ttl` don sauri. Ni ban ba da shawarar hakan ba sai an auna, domin ɗan tangarɗar netwok na daƙiƙa kaɗan zai fara sauya maka jagora ba gaira ba dalili, kuma kowane sauyi yana tsinke duk haɗin da ke buɗe.

Akwai wani saiti da ke ba mutane mamaki. In PostgreSQL ne kawai ya faɗi amma na'urar da Patroni suna da rai, Patroni ba ya miƙa ragama nan take. Yana ƙoƙarin tayar da shi a wurin, yana jira har `primary_start_timeout`, wanda daƙiƙa 300 ne. Minti biyar ke nan. In burinka minti ɗaya ne, rage shi. In ka sa 0 zai sauya nan da nan, amma da irin kwafinka hakan na nufin za ka iya zubar da rubutun da da an jira farfaɗowa ba za a rasa ba.

Na biyu shi ne tabbatar da cewa tsohuwar jagora ta daina rubutu da gaske. Jagorar da ta kasa isa etcd tana sauke kanta da kanta. To in Patroni ɗin ne ya daskare fa, ko wani ya kashe shi da `kill -9`, PostgreSQL kuma yana ci gaba? Nan ne ake buƙatar mai gadi na cikin na'ura, `/dev/watchdog`. Patroni yana taɓa shi a kowane zagaye. In ya daina taɓawa, na'urar ta sake kunna kanta daƙiƙa 5 kafin wa'adin makulli ya cika, wato a daƙiƙa ta 25. In babu na ƙarfe, `modprobe softdog`, ka ba mai amfani `postgres` ikon fayil ɗin, ka sa `watchdog` a `mode: required` don sabar da ba ta da shi ta ƙi zama jagora. Sai dai softdog yana cikin kanel ne, wato zuciyar Linux, in kanel ɗin kansa ya sandare ba zai tsinana komai ba. Masu amfani da Pacemaker da Corosync, wasu manhajojin kula da gungun sabobi, suna yin wannan aikin ta hanyar da ake kira STONITH, wato su kashe wa sabar wuta daga waje ta IPMI, hanyar sarrafa na'ura daga nesa.

Ka kuma kunna `wal_log_hints` tun yau, da `use_pg_rewind: true`. Su ne za su bar tsohuwar jagora ta dawo a matsayin mabiyiya ba tare da an sake kwafe dukan rumbun ba.

Malama Zainab

Injiniya ya gama da batun wa zai jagoranta. Amma Malam Nura, sharaɗinka na biyu, na kada a rasa abin da aka ce ya shiga, Patroni shi kaɗai bai biya maka shi ba.

Da kwafin da ba a jira, jagora tana ce wa manhaja COMMIT, wato umarnin tabbatar da rubutu, ya yi tun kafin mabiyiya ta gani. In ta mutu a wannan tsakanin, abin ya tafi. Kuma kada lambar 1048576 ɗin nan ta `maximum_lag_on_failover`, wato iyakar tazarar da mabiyiya za ta yi a baya a ɗaga ta, ta ruɗe ka ka ɗauka iyakar asararka megabait ɗaya ce. Ana kwatanta tazarar ne da matsayin da jagora ta rubuta a etcd a zagayenta na ƙarshe, ba da inda take a lokacin mutuwa ba. Saboda haka asarar na iya kai megabait ɗin da kuma duk abin da aka rubuta bayan wannan zagayen. `pg_rewind` kuma, da ya mayar da tsohuwar jagora kan layi, share waɗannan rubuce-rubucen yake yi. In kana son duba abin da aka rasa, ka kwafi bayananta kafin ya taɓa ta.

In ba ka yarda da asara ko kaɗan ba, sa `synchronous_mode: true`. Yanzu kowane COMMIT sai ya jira mabiyiya ta ce ta rubuta a diskinta, kuma Patroni ba zai ɗaga wadda ba ta cikin wannan yarjejeniyar ba. Kuɗinsa shi ne kowane rubutu ya ƙaru da tafiya da dawowa ɗaya a netwok da kuma rubutun diski na can. A ɗakin sabobi ɗaya abin kaɗan ne. Tsakanin garuruwa masu nisa kuwa za a ji a jiki, musamman manhajar da ke yin ƙananan rubutu dubbai ɗaya bayan ɗaya.

Ga inda saba biyu ke gazawa. In mabiyiyarka guda ɗaya ta faɗi, me jagora za ta yi? Ko ta daina jira ta ci gaba ita kaɗai, wanda shi ne halin Patroni na asali, kuma a wannan lokacin kwafi ɗaya kawai gare ka a duniya. Ko ka sa `synchronous_mode_strict`, rubutu ya tsaya cak har mabiyiya ta dawo. Na farko ya saki tabbaci, na biyu ya saki aiki. Wanda ke son duka biyun sai ya ajiye PostgreSQL uku, jagora ta jira amsar ɗaya daga cikin mabiya biyu.

Wani ƙaramin abu ga masu rubuta manhaja: in aka soke tambaya tana tsakiyar jiran mabiyiya, PostgreSQL zai ba da gargaɗi cewa rubutun ya riga ya tabbata a gida amma wataƙila bai isa can ba. Manhajar da ke da gajeren haƙuri tana soke-soke tana iya buɗe wannan ramin ko da an kunna jiran.

Nura

Na gode Injiniya, na gode Malama, Allah ya ƙara basira. Na ajiye batun shirin. Amma sabar PostgreSQL ta uku ba za ta samu yanzu ba. Zai yiwu etcd biyu su zauna a kan sabobin nan biyu, na ukun a wata ƙaramar na'ura? Sai kuma batun sa ido, da abin da zan yi da Keepalived.

Injiniya Bashir

Zai yiwu, haka ma da yawa ke yi. Ta ukun ba ta buƙatar ƙarfi, amma da sharaɗi biyu. Kada ta raba wuta, ko na'urar haɗa netwok, ko uwar na'ura ta zahiri da ɗaya daga cikin biyun. In dukansu ukun na'urorin gaibu ne (virtual machines) a kan ƙarfe ɗaya, ƙuri'a ɗaya gare ka da suna uku. Sannan etcd yana da saurin fushi da diski mai nauyi: yana bugun zuciya duk milisakan 100, in ya yi milisakan 1000 bai ji ba ya kira sabon zaɓe. In yana raba diski da PostgreSQL, babban rubutu ɗaya zai iya jinkirta shi har ya rikice, Patroni ya kasa sabunta makulli, lafiyayyar jagora ta sauka. Ba shi SSD nasa daban ko da ƙarami ne. Ka kunna masa share tsohon tarihi da kansa, domin iyakar ma'ajinsa ta asali gigabait 2 ce, in ta cika ya daina karɓar rubutu. Daga Patroni 3.0 akwai `failsafe_mode`, wanda ke barin jagora ta ci gaba in etcd ya ɓace muddin tana iya magana da duk sauran mambobi. Yana da kyau a kunna shi.

Habu

Bari in ɗauki sa ido da hanyar shigowar manhaja.

Kada Keepalived ya ƙara yanke hukuncin wace ce jagora. Sa HAProxy, manhajar da ke tura haɗi zuwa sabar da ta dace, a gaba, ya riƙa tambayar Patroni a ƙofa ta 8008. Adireshin `/primary` yana amsa 200 a kan jagora kaɗai, sauran su amsa 503. Layin da aka saba sa wa shi ne `inter 3s fall 3 rise 2 on-marked-down shutdown-sessions`. Ƙarshen nan shi ne muhimmi, shi ke tsinke tsoffin haɗi da zarar saba ta sauka. HAProxy ɗin ma biyu za ka yi, kuma a nan ne Keepalived ke da amfani, ya riƙe adireshi tsakaninsu. Ko duka biyun sun ɗauki adireshin babu ɓarna, tunda wuri ɗaya suke turawa. In ba ka son ƙarin na'ura, libpq, abin da manhajoji ke haɗuwa da PostgreSQL ta cikinsa, tun PostgreSQL 10 yana karɓar sabobi da yawa a layin haɗi tare da `target_session_attrs=read-write`, ya nemo mai karɓar rubutu da kansa.

Sau da yawa rumbun yana dawowa cikin daƙiƙa 40 amma manhaja ta yi kwata na awa a sandare. Dalili shi ne sabar da wuta ta ɗauke wa ba ta sallamar kowa. Linux zai yi ta sake aika saƙon da ba a amsa ba har kusan minti 15, haɗin da ke zaune shiru kuwa sai bayan daƙiƙa 7200 ake fara duba ko yana da rai. Saita `connect_timeout`, `keepalives_idle` da `tcp_user_timeout` a ɓangaren manhaja. Kuma in haɗi ya tsinke bayan an aika COMMIT kafin amsa ta zo, manhaja ba ta san ko ya shiga ba. Kowane rubutu mai muhimmanci ya zo da lambarsa ta musamman, don in an maimaita kada ya shiga sau biyu.

Abin da zai tashi mutum daga barci bai kamata ya yi yawa ba. Adadin jagorori in ba ɗaya ba ne, sifili ko biyu, wannan gaggawa ce. Patroni yana ba Prometheus, manhajar sa ido, wannan a `/metrics`. Sai adadin layuka a `pg_stat_replication`: in mabiyiya ta ɓace daga nan, aiki yana tafiya lafiya lau, babu mai ƙorafi, amma ba ka da madadi. Wannan ita ce matsalar da ta fi daɗewa ba a gani ba, har sai ranar da aka nemi mabiyiyar.

Tazara ka auna ta da bait daga ɓangaren jagora, `pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), replay_lsn)`, ka sa gargaɗi tun kafin ta kai `maximum_lag_on_failover`, domin mabiyiyar da ta wuce wannan ba za a ɗaga ta ba, sai gungun ya zauna babu jagora. Masu auna ta da `now() - pg_last_xact_replay_timestamp()` suna shan ƙararrawar ƙarya da dare: in babu mai rubutu, lambar tana ta hawa alhali babu tazarar komai. In kana son awo da daƙiƙa, yi ɗan tebur da ake rubuta lokaci a ciki duk daƙiƙa, ka karanta shi daga mabiyiya. Wannan teburin yana kuma nuna maka rubutu yana shiga da gaske, abin da `pg_isready` ba ya nunawa, domin shi ko diski ya cika zai iya cewa lafiya.

Duba `pg_replication_slots`. Gurbi shi ke sa jagora ta riƙe wa mabiyiya WAL har ta karɓa, don haka gurbin da mabiyiyarsa ta mutu yana hana share WAL, fayiloli masu megabait 16 su yi ta taruwa har `pg_wal` ya cika, jagora ta faɗi. Wato mutuwar mabiyiya ta ja jagora. Tun PostgreSQL 13 akwai `max_slot_wal_keep_size`, sa masa iyaka ƙasa da girman diskin. A etcd kuma ka duba ko yana da shugaba, sau nawa yake sauya shi, da jinkirin rubutun diskinsa, wanda ya kamata kashi 99 cikin ɗari su tsaya ƙasa da milisakan 10. Ƙara ranar ƙarewar takardun TLS na tsare haɗi, da `failed_count` a `pg_stat_archiver`, da kuma ko an bar gungun a `patronictl pause`. Ana dakatar da shi don gyara a manta, alhali a wannan halin babu sauyin jagora ko me ya faru.

Na'urar sa idon kanta kada ta zauna a kan sabobin da take gadi, kuma a samu wani abu a waje da zai yi kuka in ita ta yi shiru.

Malama Zainab

Ƙari kan na Malam Habu. Kafin ka yarda da tsarin, gwada shi a sabobin gwaji, da ɗan shirin da ke rubuta lambobi a jere yana ajiye waɗanda aka ce masa sun shiga. Fara da `patronictl switchover`, shi ne mai sauƙi. Sai ka kashe PostgreSQL da `kill -9`. Sai ka zare wa jagora wuta. Sai ka toshe mata ƙofa ta 2379 da iptables, ka yi amfani da DROP ba REJECT ba, don ya yi kama da katsewar gaske inda babu amsa ko ta ƙi. Sai `kill -STOP` a kan Patroni na jagora, ka ga ko mai gadin ya sake kunna na'urar kafin ta biyu ta hau. Sai ka cika diskin WAL. Bayan kowanne, rubuta daƙiƙa nawa manhaja ta tsaya, ba rumbun ba, da lambobi nawa suka ɓace, da ko tsohuwar jagora ta dawo mabiyiya da kanta a `patronictl list`. A maimaita bayan duk wani sabunta manhaja ko sauyin netwok.

Sannan mabiyiya ba ta maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana. In wani ya buga DELETE ya manta WHERE, cikin ƙiftawar ido za ta kwafi gogewar. Ajiye cikakken kwafi da WAL a wani wuri na daban da pgBackRest ko Barman, don a iya komawa minti ɗaya kafin kuskuren, kuma a riƙa gwada dawo da shi ana auna awa nawa yake ci.

Nura

Madalla. Zan fara da etcd uku da Patroni a sabobin gwaji, da `synchronous_mode` ba tare da mai tsaurin ba tunda mabiyiya ɗaya ce, da gargaɗi mai tada barci in ta ɓace. Malam Habu, HAProxy biyun za su iya zama a kan sabobin manhaja, ko dole sai nasu daban?

Habu

Za su iya. In sabobin manhajar ba su da yawa ma, sa HAProxy a kan kowacce, manhaja ta haɗa da 127.0.0.1, ka huta da adireshi mai yawo gaba ɗaya. Ka dai lura kowane HAProxy yana da nasa `maxconn`, jimillarsu kada ta wuce `max_connections` na PostgreSQL, in ba haka ba lokacin da kowa ya ruga ya sake haɗi bayan sauyi, sabuwar jagora za ta fara korar su. In haɗin suna da yawa, sa PgBouncer, manhajar da ke tattara haɗi masu yawa zuwa kaɗan, a tsakani.